Amsa: Ta ina za a fara gyara horon ɗalibai masu koyon malanta?

Malama, kin tambaya ko sayen kwamfutoci da allon zamani ne ci gaban da sashen horar da malamai ya fi buƙata. A ganina a fara da ɗan gajeren darasin gwaji tukuna, dabarar da aka soma a Jami'ar Stanford ta Amurka a 1963.

Ɗalibi zai koyar na minti 5 zuwa 10 a gaban 'yan ajinsu biyar ko shida, yana gwada abu guda tak, misali yadda ake jefa wa yara tambaya. A kafa waya a bayan aji a ɗauke shi, yadda za a ga allo da fuskarsa. Nan take a kalla tare, a faɗa masa gyara biyu kawai, ya sake shiri ya maimaita darasin gaban wani rukuni. Maimaitawar nan ce ake yawan tsallakewa don ƙurewar lokaci, alhali a nan gyaran yake kama jiki. Idan kuwa aka jibga masa kurakurai goma, kunya za ta rufe shi, ba abin da zai riƙe.

Sai batun fita makarantu koyarwa. Malamin ajin da aka danƙa wa ɗalibin shi ma a horar da shi, ko da na yini ɗaya ne, a ba shi takardar aunawa irin ta mai zuwa dubawa daga kwaleji. In ba haka ba, sakar masa ajin zai yi ya kama gabansa.