Tambaya da Amsa: Zan Iya Rage wa Ɗana Allurar Insulin Saboda Tsada?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 13 yana da ciwon sukari nau'i na ɗaya, kullum sai an yi masa allurar insulin. Kuɗin da a da yake saya mana na wata guda yanzu ba ya kai mu ko'ina, har na fara rage abin da nake zuƙa a sirinji domin maganin ya ƙara kwana, wata maƙwabciyata kuma ta kawo mini jiƙon ganye. Me ya jawo tsadar nan, kuma akwai haɗari a abin da nake yi? Daga wata uwa, Tudun Wada, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaron lafiya, ya kuma buɗa miki. Don Allah daga yau ki mayar masa da adadin da likita ya rubuta. Jikin mai wannan nau'i ya daina samar da insulin, kuma babu jiƙon da zai tsaya a madadinsa. Idan maganin ya yi ƙaranci, jiki yakan koma ƙona kitse har jini ya gurɓace, sai a ga ƙishirwa mai tsanani, da yawan fitsari, da amai, da ciwon ciki, da numfashi mai zurfi. Duk ranar da kika ga haka, ki garzaya da shi asibiti ko da tsakar dare ne, domin yana iya kaiwa ga suma da rasa rai, kuma kwanciyar asibiti ta fi maganin cin kuɗi nesa ba kusa ba.

Tushen tsadar kuwa shi ne daga waje ake shigo da insulin, da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Ga shi kamfanoni uku, Novo Nordisk na Denmak da Eli Lilly na Amurka da Sanofi na Faransa, su ke riƙe da kusan kashi 90 cikin 100 na kasuwarsa a duniya. Abin yana yi mini ciwo idan na tuna cewa Frederick Banting da abokan aikinsa, waɗanda suka gano maganin a Toronto ta Kanada a 1921, dala ɗai-ɗai suka karɓa suka miƙa wa jami'a haƙƙin mallakarsa domin ya isa ga kowa.

Akwai inda za a samu sauƙi, amma ta hannun likita. Ki faɗa masa halin da kike ciki ba tare da jin nauyi ba, ki tambaye shi ko yaron zai iya komawa insulin mai sauƙin kuɗi, irin su Mixtard na kwalba, wanda yawanci ya fi irin su Lantus, mai zuwa cikin abin allura mai kama da biro, araha. Kada ki sauya da kanki a kemis, domin lokacin allura da na cin abinci sukan canza, kuma dole sirinji ya dace da ƙarfin maganin: wanda aka rubuta U-100 a jikin kwalbarsa ba a zuƙarsa da sirinjin da aka rubuta wa U-40. Ki kuma je ofishin KADCHMA, hukumar inshorar lafiya ta jiha, ki tambayi abin da tsarinsu ya ɗauke, sannan ki nemi ganin likitan yara a asibitin koyarwa na Barau Dikko, ki yi masa maganar tallafi.

Sai batun ajiya, domin zafi yana kashe ƙarfin insulin, mutum ya yi asarar kuɗinsa bai sani ba. Kwalbar da ba a buɗe ba tana son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8, amma idan ta daskare ta lalace. Idan babu wuta, ki sa ta cikin mazubi mai murfi, ki binne a jiƙaƙƙen yashi cikin tukunyar ƙasa a inuwa, musamman a zafin Maris da Afrilu. Ki rubuta ranar da kika buɗe a jikinta, domin bayan kimanin mako huɗu ba a amince da ita, ki kuma duba lambar NAFDAC kafin ki biya.