Shin hana ruwan sigarin lantarki mai ɗanɗano zai rage shansa a wurin matasa?

Malam, ka tambaya ko hana ruwan sigari mai ɗanɗanon mangwaro da na alewa zai raba yara da sigarin lantarki. Yana ragewa, amma sai dokar ta toshe kowace kafa.

Dubi Amurka. A farkon 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA ta hana ɗanɗano, in ban da na taba da mentol (sinadarin na'ana'a mai sanyi), a ƙananan kwalaben da ake sauyawa irin na kamfanin Juul. Ba ta haɗa da na-sha-ka-yar ba. Nan da nan Puff Bar, wani sigarin sha-ka-yar mai ɗanɗano, ya cika kasuwa, yara suka koma can. Wasu kamfanonin kuma suka koma nikotin ɗin da ake haɗawa a ɗakin gwaji, don dokar taba ba ta shafe shi ba, sai a 2022 majalisa ta rufe wannan ƙofa.

Holan ta fi dabara: daga Janairun 2024 ɗanɗanon taba kaɗai ta yarda, ta kuma lissafa sinadaran da aka halatta, don in sunan ɗanɗano kaɗai aka hana, sauya suna a kwali ba ya wahala.

Barin mentol kuskure ne, sanyinsa yana ɓoye ɗacin nikotin. Kuma in ba a sa ido kan cinikin intanet da tantance shekarun mai saye ba, kayan za su shigo ta bayan fage.