Kada ka zuba buhu na uku, kwance sel ɗin tukuna

Yaro, na ji saƙonka. Ka ce jar fitilar da ke nuna gishiri ya yi ƙasa ta kama a injin kulorin na gidan da na bar maka, ka zuba buhu biyu a kwamin ninkayar, har yau ba ta mutu ba, ruwan kuma ya fara kore a kusurwa. Kana tambaya, "Oga, in ƙara na uku?" A'a. Biyun ma, da ka kira ni tun farko, da ba ka zuba su ba.

Zo mu yi lissafi. Kwamin nan tsawonsa mita 10, faɗinsa 5, zurfinsa in an daidaita mita ɗaya da rabi, wato lita 75,000 ke nan. Giram ɗaya na gishiri a kowace lita shi ne abin da na'ura ke rubutawa ppm 1,000. Injin gidan yana son wajen 3,200, kilo 240 ke nan a kwamin gaba ɗaya. Buhu biyun da ka zuba kilo 100 ne, sun ɗaga ruwan da kusan 1,300. In da ma gishirin daidai yake, yanzu kana kan 4,500. Kuma gishiri ba ya bin rana ya tashi. Ruwa ne ke ƙafewa ya bar shi, kamar miyar da aka manta a kan wuta. Ba ya raguwa sai ta wanke tankin yashi mai tace ruwa, ko ambaliyar damina, ko yoyo, ko abin da yara suka fantsamar waje. Yanzu hunturu muke, to ta ina ya bi ya fita? Idan kuwa ya yi yawa, babu maganin da ke cire shi sai a zubar da wani ɓangare na ruwan a sayo tanka a cika, kai kuma ka san fuskar da maigidan zai yi mana.

Abin da nake so ya zauna maka a kai shi ne injin nan ba shi da harshe, ba ya ɗanɗana ruwa. A cikin sel ɗin, wato ɓangaren injin da ruwa ke bi ta cikinsa, akwai farantai na ƙarfen titaniyam da aka shafe da wani siririn shafi mai tsada. Wuta mara ƙarfi ke bi ta tsakaninsu, ta raba gishirin da ke cikin ruwa ta fitar da kulorin, kulorin ya gama kashe ƙwayoyin cuta ya koma gishiri, a sake zagayowa. Yawancin injinan da muke gani suna ƙiyasta gishiri ne daga yadda wutar ke wucewa. Duk abin da ya tare mata hanya, sai inji ya ce gishiri ya yi ƙasa. Ka bar jaki kana dukan taiki.

Na fi zargin farin datti. Ruwan gidan na bohol ne, mai nauyi, irin wanda ke barin fari a gindin butar shayi. Wannan farin ne ke daskarewa a kan farantan, ya fi yi ma idan pH, wato ma'aunin tsamin ruwa, ya hau, shi kuma injin gishiri halinsa ne ya riƙa tura pH sama a hankali. Shi ya sa nake damunka da gwaji duk mako, ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6. Injinan yanzu suna juya wutar da kansu bayan 'yan awoyi don dattin ya saki, amma da ruwa irin namu hakan ba ya isa.

Ga abin da za ka yi gobe. Ka fara gwada gishirin da takardar gwaji ko mitar hannu, ka ɗebo ruwan daga zurfin gwiwar hannu, ba daga sama ba. Sannan ka kashe fanfo da injin daga soket, ka rufe bawul, ka kwance sel ɗin ka ɗaga shi a rana ka leƙa. In ka ga fari, fara da tiyo mai ƙarfi, sau da yawa shi kaɗai ya wadatar. Wanda ya ƙi fita ka taɓa shi da tsinken itace ko roba. Kada sukudireba ko wuƙa su kusanci farantan. Na taɓa ganin yaron da ya kankare sel da wuƙa har ya yi ƙyalli, yana ta murna, ashe shafin da ke yin aikin ne ya kankare, sai da aka sayi sabo.

Sai in tiyo ya gaza za ka je ga asid. Ruwa kashi goma, asid kashi ɗaya, a bokitin roba, a fili inda iska ke kaɗawa, da safar hannu da tabarau. Ruwan ake fara zubawa, sannan asid a kansa. In ka zuba ruwa a kan asid, zai tafaso ya fantsamo maka a fuska. Ka tsoma sel ɗin a ciki, amma kada wajen wayoyin ya jiƙe. Zai yi kumfa. Da kumfar ta lafa, ko minti goma sun cika, ka fitar ka ɗauraye sosai. Wasu suna haɗa ɗaya cikin huɗu don sauri, ni ba na yi, domin kowane wanki da asid yana cin shafin nan kaɗan.

In ka buɗe ka tarar farantan fes, mitar hannu ta ce gishiri ya isa, fitila kuma ta ƙi mutuwa, sai ka taɓa ruwan. Ruwan sanyi ba ya ɗaukar wuta sosai, injina da yawa suna rage aiki in ya sauka wajen digiri 15, su tsaya cak a wajen 10. Masu aiki a Jos sun san wannan a Disamba da Janairu. In ba sanyi ba ne, duba kan wayoyin ko sun yi tsatsa ko sun saki. In duk lafiya, to sel ɗin ne ya tsufa. Shekara uku zuwa bakwai yake yi, na gidan nan kuwa ya daɗe.

Koren da ka gani gansakuka ce, kuma kada ka jira inji ya kashe ta, aikinsa riƙe ruwa mai kyau ne. Ka goge bango da burushi, ka zuba garin kulorin da yamma bayan rana ta faɗi, ka bar fanfo ya kwana yana aiki. Ka kuma tambayi maigadi awa nawa fanfon ke samun wuta a yini. Inji ba ya yin kulorin sai ruwa na gudana, in an ɗauke wuta ba a kunna janareta ba, awa takwas ɗin da muka saita sun koma uku. Kada kuma wani mai gyaran wuta ya haɗe maka wayar na'urar da ke jin gudun ruwa don fitilarta ta daina damunka. Sel ɗin da ke aiki ba ruwa yana tara iskar haidurojin, tana iya fasa bututu.

Buhun da ya rage ka ɗora shi a kan katako a sito, nesa da galan ɗin asid. Ka ɗauko mini hoton farantan kafin ka wanke, da lambar da mitar ta nuna, sai mu san lita nawa za mu zubar.