Harajin gidanka a Houston: kafin ka sa wa kamfani hannu

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce takardar HCAD, hukumar da ke yi wa gidaje kuɗi don haraji a gundumar Harris da Houston ke ciki, ta zo an ɗaga darajar gidanka, wasiƙun kamfanoni kuma sai shigowa suke, kowa na cewa zai rage maka haraji, kana tambaya ko ka ba su ko ka je da kanka. Na yi da kaina, na kuma yi ta hannun wakili.

Fara da duba kwanan wata. A Texas wa'adin shigar da ƙorafi 15 ga Mayu ne, ko kwana 30 daga aiko takardar, duk wanda ya fi nisa. Ko ba ka yanke shawara ba, shigar da shi ta intanet, kyauta ne, wakili kuma kana iya naɗa shi daga baya. Dalilai biyu ake bayarwa: an yi wa gidan kuɗin da ya wuce na kasuwa, ko an yi masa sama da ire-irensa na unguwa. Zaɓi duka biyun.

Sai ka duba ko akwai rangwamen gidan zama a takardar, wanda suke kira homestead. Wannan ya fi duk abin da kamfani zai samo maka. A 2023 an ɗaga abin da ake cirewa daga darajar gida kafin a lissafa harajin makarantu daga dala 40,000 zuwa 100,000, a 2025 aka kai shi 140,000. Shi ne kuma ke hana darajar da ake lissafa haraji a kanta tashi fiye da kashi 10 cikin ɗari a shekara. Cike fom ɗinsa ba a biyan ko sisi, don haka duk wanda ya ce ka biya shi ya cike maka, cin banza yake nema.

A nan ne mutanenmu ke shan ruɗu, don lamba biyu ce a takardar: darajar kasuwa, da darajar da aka yi wa iyaka. Mu ce bara 300,000 ce, bana sun ce kasuwa 400,000. Idan kana da rangwamen, a kan 330,000 za a lissafa. Wakili ya je ya sauke 400,000 zuwa 360,000, ya aiko maka da albishir, alhali harajinka bai ragu da ko dala ɗaya ba. Saboda haka ka karanta yarjejeniyar da idon basira: ladansu daga harajin da ya ragu da gaske ne, ko daga lambar kasuwa? Wanda na fara hulɗa da shi a kan ta kasuwa ya rubuto min bil, sai da muka kai ruwa rana. Duba kuma ko yarjejeniyar tana sabunta kanta duk shekara, da yadda ake fita. Sannan duk abin da wakilinka ya amince da shi a zaman sulhu da HCAD ya zauna, ba ka da ta cewa. Ka nemi lambar lasisinsa na TDLR, hukumar ba da lasisi ta jihar Texas, ka tabbatar.

Amfaninsu fa? Akwai. A Texas doka ba ta tilasta bayyana kuɗin da aka sayar da gida ba, to su suna da alƙaluman da kai ba ka da su, sun kuma san yadda ake daidaita girma da shekarun gini tsakanin gidaje. Ga mai aikin dare a asibiti ko mai tuƙa babbar mota, raba shi da zirga-zirgar nan kaɗai ya isa. Yawancinsu sai an samu ragi suke karɓa. Idan aka sauke 30,000, haraji kuma mu ce kashi 2 ne, dala 600 ke nan, sai su cire kasonsu.

Amma wakili bai taɓa taka cikin gidanka ba, fayiloli ne jibge a gabansa. Ƙasar Houston yumɓu ce, tana tsaga harsashi. Idan bango ya dare, rufi na yoyo, ko ruwa ya taɓa shiga tun lokacin guguwar Harvey a 2017 ba a gama gyara ba, ɗauki hotuna, sa ɗan kwangila ya rubuta maka kuɗin gyara, ka tura. Halin da gidan yake ciki ran 1 ga Janairu ake dubawa. A shekarar da na haɗa wa wakilina takardar gyaran harsashi ne na ga ragi mai tsoka.

Ba ka faɗi yaushe ka saya ba. In bara ne, kuma kuɗin da ka biya bai kai abin da HCAD suka rubuta ba, kada ka ba kowa kaso. Takardar ciniki ta ishe ka hujja, ka nemi su ba ka nasu hujjojin kafin zama, ka je da kanka. In sulhu bai yiwu ba, sai gaban kwamitin ARB mai sauraron ƙorafin darajar gidaje, in nan ma ba ka gamsu ba kana da kwana 60 ka kai ga mai shiga tsakani ko kotu, a nan kam ƙwararre nake ba da shawara. Ko ana cikin shari'a, harajin ya shiga kafin 31 ga Janairu ta wuce. In ta cikin kuɗin bashin gida kake biya, aika wa banki sabuwar lambar su gyara maka lissafin wata.