Kafin Ka Huda Tankin Sigarin Lantarki, Duba Audugarka

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tankin sigarin lantarki irin wanda mutum ke naɗa wayarsa da kansa, wato RTA. In na zuƙa sau biyu ko uku a jere sai in ji ƙauri, maƙogwaro ya ɗauki zafi, alhali tankin cike yake. Abokina ya ce ramukan da ruwa ke bi sun yi ƙanƙanta, in samo injin huda ƙarfe in faɗaɗa su. Wane girman baki zan sa wa injin?

AMSA: Wa alaikumus salam. Malam, ajiye injin nan, ka gaida abokin naka, ka ce masa tanki bai yi muku laifin komai ba. Wannan tambayar na yawan zuwa, kuma duk lokacin da na gan ta raina yakan ɓaci, domin mutane na lalata kayan da lafiyarsa lau saboda laifin auduga.

Ka fara sanin abin da ke riƙe ruwa a cikin tanki. In ka tsoma siririn bututu a ruwa ka toshe samansa da yatsa, ruwan ba ya zuba har sai ka ɗaga yatsan. Haka tankin yake: an rufe samansa ruf, ruwa ba ya sauka sai iska ta samu hanyar hawa ta maye gurbinsa. Kumfar da kake gani tana tashi bayan ka zuƙa, ita ce shaidar lagwani, wato audugar da ke cikin naɗin waya, na shan ruwa. In babu kumfa, to wani abu ya toshe hanya, kuma kusan kullum audugar da ka cusa ce.

Ramin da ka faɗaɗa ba ya komawa yadda yake. Ka wuce ƙima kaɗan, ruwa ya malale cikin ɗakin waya, ya biyo ta kafar iska, ka wayi gari da tanki mai yoyo har abada. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna shi ne ɓurɓushin ƙarfe. Huda na barin gari da kaifi a bakin rami. Ƙwaya ɗaya ta maƙale tsakanin sandunan da ke riƙe waya, wuta ta haɗu. Wasu tankunan masu araha kuma tagulla ce aka lulluɓe da wani ƙarfe mai sheƙi, kana hudawa ka kankare lulluɓin, ruwan da za ka zuƙa zuwa huhu ya riƙa kwana a kan tagulla tsirara.

Kada kuma ka ɗauki ƙaurin nan wasa. In waya ta yi zafi a kan busasshiyar auduga, ruwan na rikiɗewa ya fitar da sinadarai masu cutarwa irin su formaldehyde da acrolein. Da ka ji shi, ka tsaya. Kar ka daure ka ce zai wuce.

Ga yadda nake so ka yi. Yanki audugar da za ta ratsa cikin naɗin waya da ɗan tirjiya kawai. In tana jan wayar tana karkata ta, ta yi yawa. In ta zurma ba ka ji komai ba, ta yi kaɗan. Daga nan sai wutsiyoyin audugar biyu, inda yawancinku ke faɗuwa. Sa hantsaki ka taje su a hankali, ka zubar da abin da ya fito, har su yi sakayau. Datse su yadda za su taɓa bakin ramin ruwa kawai, ka ɗora su a kai, ban da dannawa. Ni ɗabi'ata ce in zura bakin allura ta gefen kowane rami bayan na gama, don in tabbatar akwai 'yar hanyar iska, kuma ina so kowa ya koyi wannan. In tankinka na da zoben da ke buɗe hanyar ruwa, duba ko a buɗe yake gaba ɗaya. Da yawa sun rubuto mini suna kuka alhali zoben a rufe yake rabi.

Sai ka dubi kwalbar ruwanka. Manyan sinadaran ruwan biyu ne, VG da PG: VG na da kauri, PG tsinkakke ne. Tankin da aka ƙera da ƙananan ramuka domin zuƙa a hankali, ruwan 50/50 yake so, wato rabi VG rabi PG. Ka zuba masa mai VG kashi 70 ko 80, ka ɗaga wuta, kana zuƙa ba hutu, ina zai iya? Rage wat ɗin, wato ƙarfin wutar, ka bar daƙiƙa goma zuwa ashirin tsakanin zuƙa. In duk ka yi wannan bai gyaru ba, tankin ne bai dace da ruwan da kake so ba. Sauya ɗaya daga cikinsu.

TAMBAYA: Lokacin sanyi ruwana yakan yi kauri sosai. Zan iya ɗiga masa mai don ya saki?

AMSA: A'a, ko ɗigo ɗaya, kowane irin mai ne. Huhu ba ya iya fitar da mai. A shekarar 2019 an samu ɓarkewar ciwon huhu a Amurka tsakanin masu zuƙar irin waɗannan na'urori, mutum fiye da 2,800 suka kwanta asibiti, 68 suka rasu, kuma binciken CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar, ya alaƙanta abin da wani sinadari mai maiƙo, vitamin E acetate, da aka riƙa surkawa a ruwan da ke ɗauke da sinadarin wiwi. Ka dumama tankin a tafin hannunka na ɗan lokaci, ko ka koma ruwa mai PG da yawa. Kwalbar kuma ka ɓoye ta nesa da yara, nikotin guba ne in an haɗiye shi.

TAMBAYA: Tankina yoyo yake yi a aljihu.

AMSA: Audugarka ta yi kaɗan, ko zoben roba ya tsage. Sauya su, ka rufe hanyar ruwa kafin ka cika, ka daina barin sa a rana ko a kwance.

TAMBAYA: Ban taɓa shan sigari ba, amma abin na burge ni. Wane tanki zan fara da shi?

AMSA: Babu. Nikotin na kama mutum, fita da wuya. Ƙanena, bar shi.

TAMBAYA: Na naɗa waya ta nuna om 0.15 a ma'aunin tirjiyarta ga wuta, ina so in ɗora a na'urar da ba ta da allon sarrafa wuta, mai batir samfurin 18650 guda ɗaya. Lafiya?

AMSA: Yi lissafin da kanka. Cikakken batir volt 4.2 ne, raba da 0.15, ka samu amp 28, wato yawan wutar da wayar za ta ja daga batir. Batura 18650 da yawa amp 20 ne iyakar abin da suke ɗauka a jere, kuma lambar da ake bugawa a jikin wasu ta fi gaskiyarsu. Irin na'urarka ba ta da abin da zai yanke wuta in batir ya yi zafi, kuma a kusa da fuskarka kake riƙe ta. Sake naɗi ya kai om 0.3 ko sama, wato amp 14. In ledar jikin batirin ta yage ko kaɗan, kar ya sake shiga na'ura sai an sauya masa riga, kuma kar ka jefa shi aljihu ɗaya da makullai.