Tun da muka yi hatsari gabana ke faɗuwa: raunin imani ne?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Wata huɗu ke nan da muka yi hatsarin mota, Allah ya tsare, ko ƙwarzane ban yi ba. Amma tun daga ranar, da na shiga mota sai gabana ya yi ta faɗuwa, numfashina ya sarƙe, zufa ta keto min, in ji kamar mutuwa zan yi. Haushin kaina nake ji, gani nake imanina ne ya yi rauni. Wata 'yar'uwa daga Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya kiyaye gaba. Ki daina ɗora wa kanki laifi, wannan aikin jiki ne. Idan jiki ya hango haɗari yakan saki sinadarin adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, don mutum ya tsere. Naki jikin bai manta da ranar ba, shi ya sa ko ƙarar inji ma ta isa ta tayar da shi. Irin wannan firgici yakan kai ƙarshen tsananinsa cikin kamar minti 10, sannan ya lafa.

Idan ya taso, ki ɗora hannu a ƙirji ki duba inda yake zaune: a maƙogwaro ne, ko ciki ne ya ƙulle? Ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki fitar ta baki kina ƙirga shida, kamar mai hura wa yaro koko. Doguwar fitarwar ce ke rage gudun zuciya. Ki danna tafin ƙafarki a ƙasan motar, ki ji santsin carbi a yatsunki.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne haushin nan. Da ƙanwarki ce take rawar jiki a gefenki, za ki ce mata marar imani? Rungume ta za ki yi, ki ce “sannu, kin ga tashin hankali.” To ki faɗa wa kanki haka. Faɗa da kai rura wutar yake yi.

Kada ki ƙaurace wa mota, gudun yana ƙara wa tsoron ƙarfi. Ki fara da gajeriyar tafiya tare da wadda kika yarda da ita. Ki rage goro da kofi.

Tunda an kai wata huɗu, ki ga likita, musamman in kina mafarkin hatsarin. A auna jininki da maƙoƙo, domin matsalarsu ma na sa bugun zuciya. Akwai likitocin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, da kuma asibitin Barnawa a Kaduna.