Sandunan Sigina a Cike, Amma Babu Intanet: Amsoshi Kan Sadarwar Wi-Fi

Tambaya: Malam, sau da yawa wayata takan nuna ta haɗu da Wi-Fi, sandunan sigina a cike suke, amma ko saƙon WhatsApp ba ya fita. Ina matsalar take?

Amsa: Ɗan'uwa, tushen ruɗanin shi ne yadda mutane da yawa suka ɗauka Wi-Fi da intanet abu ɗaya ne, alhali kowanne da aikinsa. Wi-Fi hanya ce kawai ta haɗa na'urori da ke kusa da juna ta igiyar rediyo, ba tare da kebul ba, bisa ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 1997 mai lamba 802.11. Sandunan da kake gani suna gaya maka ƙarfin alaƙar da ke tsakanin wayarka da rauta ne, wato akwatin nan mai rarraba sadarwa, ba su san komai ba game da abin da ke bayan akwatin. Daga rauta zuwa duniya kuwa akwai wata hanyar daban, wadda modem ke riƙe da ita zuwa kamfanin da ke ba ka intanet, ko ta kebul ko ta layin waya. A yau yawanci ana haɗa rauta da modem a cikin akwati ɗaya, shi ya sa bambancin ya ɓace wa jama'a. Idan data ta ƙare, ko layin kamfanin ya yanke, rauta za ta ci gaba da watsa siginarta da ƙarfi, tamkar famfon da aka buɗe alhali tanki babu ruwa.

Akwai wani wurin da abin kan kakare, kuma ina so ka duba shi da idonka. Duk na'urar da ta shiga sadarwar sai rauta ta ba ta adireshin IP, ta hanyar tsarin da ake kira DHCP, domin saƙo ya san inda zai dawo. Shiga saitin Wi-Fi, ka taɓa sunan sadarwar da kake kai, za ka ga lambobi waɗanda galibi suke farawa da 192.168. Idan a kwamfuta mai Windows ka tarar lambar ta fara da 169.254, to rauta ba ta ba da adireshi ba ke nan, kwamfutar ce ta raɗa wa kanta. A irin wannan hali kashe rautar da sake kunna ta yakan wadatar. Idan kuwa adireshin daidai yake amma shafi ba ya buɗewa, to ka nemi matsalar a wajen mai ba ka intanet, kada ka wahalar da wayarka.

Tambaya: Malam, rautar gidanmu tana nuna suna biyu, ɗaya yana ƙarewa da 5G. Shin wannan ne 5G ɗin da kamfanonin waya ke tallatawa?

Amsa: A'a Malama, kama da wane ba ta wane. Sunan da kike gani a jerin sadarwa shi ake kira SSID, kuma mai rauta zai iya canja shi zuwa abin da ya ga dama. Wannan 5G ɗin yana nufin zangon rediyo na gigahaz 5, shi kuwa na kamfanonin waya yana nufin ƙarni na biyar na sadarwar salula. Rautarku tana watsawa a zango biyu ne, 2.4 da 5. Zangon 2.4 ya fi nisan zango, ya kuma fi ratsa bango, sai dai cunkoso ya yi masa yawa, domin Bluetooth da na'urar ɗumama abinci ta maikurowef duk a nan suke aiki, ga kuma rautocin maƙwabta, alhali tashoshi uku ne kawai a cikinsa ba sa hawa kan juna, wato 1 da 6 da 11. Zangon 5 ya fi sauri da yalwar tashoshi, amma bango biyu ko uku kan rage masa ƙarfi sosai. Shawarata ita ce ki hau 5 idan kina ɗaki ɗaya da rautar, ki koma 2.4 idan kin yi nisa. Kuma a daina ɓoye rauta a bayan talabijin ko cikin durowa, a ɗora ta a wuri mai tsayi a tsakiyar gida.

Tambaya: An ce saurin layina 40 ne, amma idan ina sauke fayil 5 nake gani. An cuce ni ne?

Amsa: Ba a cuce ka ba. Kamfani yana lissafi da megabit a daƙiƙa, manhajar saukewa kuma da megabait, kuma bit 8 ne ke yin bait 1. Raba 40 gida 8, za ka sami 5.

Tambaya: A saitin rauta na ga WEP da WPA2 da WPA3. Wanne zan zaɓa?

Amsa: Waɗannan hanyoyin kulle bayanai ne, kuma wannan zaɓi yana da muhimmanci ƙwarai, domin igiyar rediyo ba ta tsayawa a ƙofar gida, duk wanda ke kusa zai iya kama ta. Ka guji WEP gaba ɗaya, tun 2001 masana suka nuna yadda ake karya shi. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018, don haka ka zaɓi WPA3 idan na'urorinka sun karɓe shi, in ba haka ba WPA2. Kalmar sirri a WPA2 tana ɗaukar haruffa 8 zuwa 63, kuma yana ba ni takaici in ga mutum ya tsaya a kan 12345678 ko lambar wayarsa. Haɗa kalmomi huɗu ko biyar waɗanda ba su da dangantaka da juna. Sannan ka juya rautar, za ka ga takardar da aka manna mai ɗauke da suna da kalmar sirrin shiga saitinta, wadda daban take da ta Wi-Fi. Ita ma ka canja ta, domin duk wanda ya shiga nan zai iya sauya komai, har da kalmar da ka sha wahalar haɗawa.